Yadda Ake Bambance Furannin Dutse na Dangin Perityle a Tsaunukan Hamadar Amurka da Meziko

A busassun tsaunukan kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko akwai wasu ƙananan tsirrai da ke fitowa daga tsagar dutse, inda ko ƙasar da za ta cika tafin hannu babu. Masana tsirrai suna kiran danginsu Perityle, kuma nau'o'insu sun haura 60. Da yawansu a tsauni ɗaya tak ake samun su a duk duniya. Daga nesa duk kamarsu ɗaya: ɗan cunkus ɗin ganye manne da dutse, da furanni rawaya ko farare. To amma kama da wane ba wane ba ne. Fuskar fure da ganye suna yaudara, abin da ke raba gardama shi ne nunanniyar ƙwaya, sai kuma sanin tsaunin da kake tsaye a kai.

Kayan aiki

- Gilashin ƙara girma mai ninki 10. Wannan dole ne. In ka sami mai ninki 20, haɗa da shi.
- Ƙaramar rula mai zanen milimita, don ƙwayoyin ba su cika wuce milimita 2 zuwa 4 ba.
- Hantsaki mai tsinin baki, da allura, da sabuwar reza.
- Farar takarda mai kauri, wadda za ka zube ƙwayoyi a kai. Ƙwayar baƙa ce, a kan fari take fitowa sosai.
- Ƙananan ambulan na takarda. Kada ka yi amfani da leda, tana tara gumi, samfurin ya yi fumfuna.
- Littafin rubutu da fensir, da waya mai nuna taswira da tsayin wuri.
- Madubin hangen nesa, saboda waɗanda suka fito a inda hannu ba ya kaiwa.
- 'Yar kwalba ta ruwan khal, don gwajin dutse.
- Tsoffin jaridu da kwali da igiya, in kana da izinin ɗaukar samfuri.
- Littafin tsirran jihar da kake ciki, mai jerin tambayoyin tantancewa.
- Ruwan sha mai yawa, hula, da takalmi mai kama dutse.

In gilashin ƙara girma ya ɓace, juya madubin hangen nesa, ka leƙa ta babban bakin, ka matso da ƙwayar dab da ƙaramin bakin. Zai nuna maka ita da girma daidai gwargwado.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka fita

Abin da ido ke gani kamar fure ɗaya, a babban dangin da Perityle ke cikinsa, wanda masana ke kira Asteraceae, ba fure ɗaya ba ne. Kai ne mai ɗauke da ƙananan furanni da yawa a cunkushe. Na tsakiya kamar ƙananan bututu suke. Na gefe, in akwai su, kowanne yana da ɗan fallen da ya miƙe waje kamar harshe, za mu riƙa kiransu masu harshe. A ƙarƙashin kowane ɗan fure akwai ƙwaya guda, kuma a saman ƙwayar akwai wani abu kamar tukku, wani lokaci gashi, wani lokaci ɓawo siriri. Wannan tukkun shi ne rabin aikin.

Shuwaka 'yar wannan babban dangi ce. Wanda bai taɓa fasa irin wannan kai ba, ya samu shuwakar da ta yi fure ya koya a kanta: ya tsaga kai ɗaya da reza, ya zare fure guda da hantsaki, ya ga ƙwaya da tukkunta. Gara hannu ya saba a gida da a je ana koyo a gefen rami.

Sai batun suna. Masanin tsirrai George Bentham ne ya raɗa wa dangin suna Perityle a 1844, Asa Gray kuma ya ware wasu a ƙarƙashin Laphamia a 1852. Daga baya A. Michael Powell na jami'ar Sul Ross da ke Tekzas ya tsara su duka a cikin Perityle, gida uku: Perityle, Laphamia da Pappothrix. A 2022 Isaac Lichter-Marck da Bruce Baldwin suka sake rabon bisa binciken ƙwayoyin gado, suka maido da Laphamia da wasu sunaye a matsayin dangi masu zaman kansu. Saboda haka tsiro ɗaya zai iya zuwa maka da suna biyu: Perityle inyoensis a tsohon littafi, Laphamia inyoensis a sabo. Kashi na biyu na sunan ne za ka riƙe, shi ne a mafi yawansu bai canza ba. A nan da tsoffin sunayen za a yi amfani, don gidaje ukun nan na Powell sun fi sauƙin bi da gilashi a hannu.

Mataki na 1: Zaɓi lokaci

Kana buƙatar tsiron da ke da fure da kuma kan da ya riga ya bushe a lokaci guda. Perityle emoryi, mai fitowa ta mutu a shekara ɗaya, tana fure ne a ƙarshen hunturu zuwa farkon bazara in an sami ruwan lokacin sanyi. Masu daɗewa a tsagar dutse na Tekzas da Arizona da Niyu Meziko sun fi kyau bayan ruwan Yuli zuwa Satumba. Wanda ya je da wuri zai tarar da fure tsantsa, ƙwayoyin farare masu laushi, gefensu bai gama siffa ba. Irin wannan ba a yanke hukunci da ita.

In ka makara, kada ka juya. Duba ƙarƙashin tsiron da cikin tsagar dutsen, da cikin saƙar gizo-gizo da ke kusa, sau da yawa busassun kawuna na maƙale a wurin.

Mataki na 2: Rubuta wurin kafin ka taɓa tsiron

Sunan tsauni, tsayin wurin, ɓangaren da dutsen ke fuskanta, inuwa ne ko rana, a tsaga ya fito ko a ƙasa. Mutane sukan ɗauki wannan aikin cike takarda ne, alhali shi kaɗai yana zubar da mafi yawan sunayen da ke cikin littafi. Perityle cernua a tsaunukan Organ na Niyu Meziko take. Perityle vitreomontana a tsaunukan Glass na Tekzas. Perityle ajoensis a tsaunukan Ajo na kudancin Arizona. In ka ga lissafinka ya kai ka ga ɗaya daga cikinsu alhali kana nesa da gidanta da ɗaruruwan kilomita, kusan tabbas kai ne ka kauce a wata tambaya. Koma baya.

Gwada dutsen. Kankare shi kaɗan da bakin wuƙa har ya yi gari, ka ɗiga khal. In ya yi kumfa, dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, ko ɗan'uwansa. Kankarewar tana da muhimmanci, don akwai irin wannan dutse da ba ya kumfa sai an mai da shi gari, kuma khal ba shi da ƙarfi, sai ka kara kunne ko ka duba da gilashi. In shiru, wataƙila dutsen aman wuta ne ko wani daban. Ruwan lemun tsami ma yana yi in babu khal. Ruwan batir kuwa kada ma ka fara.

Mataki na 3: Tabbatar cewa ɗan dangin ne

Zare fure ɗaya na tsakiya, wanda ya buɗe sosai, ka dubi bakin bututun ta sama. A Perityle bakin ya rabu huɗu. A mafi yawan sauran 'yan babban dangin, har da shuwaka, biyar ne. Ƙirga a furanni uku ko huɗu, saboda wanda ya fara yaushi yakan naɗe leɓe ɗaya ya ɓoye shi.

Biyu ne suka fi rikita sabon shiga. Brickellia ita ma tana son dutse, ba ta da masu harshe, kuma tukkunta gashi ne mai yawa. Amma bakinta biyar ne, ƙwayarta kuma zagayayya ce mai jijiyoyi 10 a tsaye. Pericome caudata kuwa bakinta huɗu, don 'yar'uwa ce ta kusa, sai dai babba ce, takan kai ƙugun mutum, kuma ganyenta yana ƙarewa da dogon tsini kamar wutsiya.

Mataki na 4: Gindi

Bi karan da yatsa har inda ya shiga dutse. In gindin itace ne mai tauri, da guntayen karan bara a jikinsa, tsiron mai daɗewa ne. In kore ne mai laushi har ƙasa, mai shekara ɗaya ne. Kada ka ja don ka ga saiwa. Karansu yana da saurin karyewa, kuma tushen da bai fi tafin hannu ba zai iya zama ya shekara da yawa a wurin.

Tsiro mai shekara ɗaya, da fararen harsuna da tsakiya rawaya, a hamadar Kalifoniya ko yammacin Arizona, galibi Perityle emoryi ce. Ita ce ta fi kowa yaɗuwa, har a Chile da Peru ana samunta, kuma ba ta damu da tsagar dutse ba, tana fitowa a yashin kwari da gindin duwatsu.

Mataki na 5: Masu harshe, launi, da yawan furanni

Tambaya uku: akwai masu harshe ko babu? Wane launi? Furannin tsakiya nawa ne a kai guda?

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne a dubi tsohon kai a ce babu harsuna, alhali zubewa suka yi, ko ƙwaro ya cinye. Nemi kan da ya buɗe yau. Duba kawuna biyar aƙalla, daga tushe fiye da ɗaya, domin ko a nau'i mai harsuna akan ci karo da tushen da nasa suka tsumbure.

Launi a rubuta shi nan take. Fari yakan koma ruwan ƙasa in ya bushe, rawaya ta kan dushe, bayan mako guda ba za ka iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba.

Wajen ƙirga, tsaga kan da reza daga sama zuwa ƙasa a kan farar takarda, ka baje furannin da allura. A bayan dutse za ka yi wannan, inda iska ba ta kaiwa. Ƙirga har da waɗanda ba su buɗe ba.

Mataki na 6: Ƙwaya

Nan ne gindin aikin, a nan za ka daɗe.

Zaɓi kan da ya bushe ya fara buɗewa. Riƙe ambulan a ƙarƙashinsa kafin ka taɓa, don da ɗan motsi ƙwayoyin ke tarwatsewa. Zube su a takarda, ka ware baƙaƙe masu cika. Shafaffu masu haske ba su nuna ba, ko kuma fanko ne, ajiye su gefe.

Fara da gefen ƙwayar. Ƙwayar a baje take kamar an danne ta, kuma a nau'o'i da yawa gefen yana da wani farin kauri da ya zagaye ta, kamar kantar da fartanya ke yi wa tafin manomi. Sunan dangin ma daga nan ya fito, a harshen Girka ma'anarsa kanta a kewaye. Duba ko kaurin nan yana nan ko gefen siriri ne, sannan ko akwai gashi jere a gefen kamar gashin ido. Juya ƙwayar ta tsaya a kan gefenta, haske na zuwa daga baya, a haka gashin ke bayyana.

Sai tukku. Abu uku za ka iya gani:

Na ɗaya, gajeren rawani na ɓawo siriri mai yagaggen baki, tare da dogon gashi ɗaya ko biyu, ko babu gashin sam. In gefen kuma yana da gashi jere, kana gidan Perityle.

Na biyu, gashi ɗaya ko biyu kawai, ko saman ƙwayar a aske, babu rawanin ɓawo na a zo a gani, gefen da kauri amma ba dogon gashi. Wannan gidan Laphamia ne.

Na uku, gashi da yawa a tsaye kamar tsintsiya, galibi daga 8 har sama da 30. Gidan Pappothrix ke nan, kuma ƙwayarsu ba ta cika bajewa kamar sauran ba. Waɗannan a yammacin Tekzas da kudancin Niyu Meziko da maƙwabtansu suke.

Hattara da abu biyu. Gashin tukku yana karyewa, musamman a nau'in da ke da guda ɗaya. Ƙwayar da ka ga babu gashi wataƙila a cikin ambulan ya faɗi. Don haka duba ƙwaya 10 aƙalla, sannan ka leƙa saman ƙwayar furen da bai bushe ba, a can gashin yana nan daram. Na biyu, Perityle emoryi tana saɓa wa sunan danginta: gefen ƙwayarta siriri ne, ba kauri, sai gashi jere. Kada rashin kaurin ya sa ka fitar da ita daga dangi.

Wasu littattafan za su tambaye ka ko ƙananan ƙayoyin da ke jikin gashin tukku sama suke kallo ko ƙasa. Gilashi mai ninki 10 ba ya isa wannan. Bar shi sai ka koma inda akwai madubin ɗakin bincike.

In samfurin ya bushe ƙarau har furannin na murƙushewa, jiƙa kai guda a ruwan zafi da ɗigon sabulun ruwa na 'yan mintoci, zai yi laushi ya buɗu. Amma tukku a bushe ake duba shi, in ya jiƙe gashin yana mannewa wuri ɗaya, ƙirga ta gagara.

Mataki na 7: Ganye

Da gangan aka bar ganye zuwa yanzu. Shi ne ya fi saurin canzawa: tushen da ke inuwa kusa da ɗigon ruwa yana yin ganye faffaɗa mai laushi, ɗan'uwansa da ke rana ya yi ƙanana masu kauri, har ka ɗauka nau'i biyu ne. Amfaninsa yana fitowa ne bayan ƙwaya da wuri sun rage maka sunaye zuwa biyu ko uku.

Ɗauki ganyen tsakiyar kara, ba na sama kusa da fure ba. Duba ko biyu-biyu suke suna fuskantar juna ko ɗai-ɗai, ka duba a ƙasan kara da samansa, domin wasu suna farawa biyu-biyu su ƙare ɗai-ɗai. Auna fallen daban, sandarsa daban. Sai baki: sumul, mai haƙora, ko a tsattsage. Sai gashi: dogo mai laushi, gajere mai kaushi, ko toka-toka kamar an barbaɗa gari.

Mataki na 8: Raba 'yan'uwan da suka fi kama

A gabashin Kalifoniya akwai uku masu daɗewa, duka ba harsuna, duka rawaya. Perityle inyoensis tana kudancin tsaunukan Inyo a kan dutsen farar ƙasa, ganyenta da haƙora a baki da dogon gashi mai laushi, kuma sau da yawa biyu-biyu. Perityle villosa tana tsaunukan da ke kewaye da Death Valley, irin su Panamint. Ita ma gashinta dogo ne, amma ganyen ɗai-ɗai ne, bakinsa sumul ko da ɗan kunne ɗaya zuwa uku. Perityle megalocephala gashinta gajere ne mai kaushi, ganyen ƙanana, tsiron ya fi kama da tarin tsinke. Wato gashi ne ke fitar da ta uku, bakin ganye kuma ya raba biyun farko.

A Arizona, masu daɗewa da fararen harsuna: Perityle ciliata ganyenta ɗaya ne dunƙule mai kusurwa uku da haƙora, a tsakiyar jihar. Perityle coronopifolia ganyenta a tsattsage yake kamar sawun tsuntsu, tana kudu maso gabas har cikin Niyu Meziko.

A gidan masu tukkun tsintsiya, ƙirgar da ka yi a mataki na 5 ce za ta yi maka rana. Perityle quinqueflora ta tsaunukan Guadalupe na iyakar Tekzas da Niyu Meziko furanninta galibi biyar ne a kai, rawaya, ganyenta kamar ƙoda, kore shar mai sheƙi. Perityle rupestris nata sun fi haka yawa, kuma iri biyu ce: mai rawaya a wajen tsaunukan Davis, da mai fari wadda ake kira albiflora. Perityle cinerea farin fure gare ta, amma ganyenta toka-toka ne saboda gashi. Perityle cernua ba ta da wahala: kai babba mai furanni da yawa, sau da yawa a sunkuye.

A yankin Big Bend na Tekzas, Perityle parryi da Perityle vaseyi duka harsunansu rawaya ne. Ta farko ganyenta faffaɗa ne kamar zuciya, tsagarsa ba ta yi zurfi ba. Ta biyu tsagar ta kai kusan gindin falle, kuma tana son ƙasar fili fiye da tsagar dutse. Perityle aglossa ta bakin kogin Rio Grande tana kama da parryi, sai dai ba ta da harsuna.

Perityle lemmonii da Perityle dissecta kuwa, duka ba harsuna, duka ganye a tsattsage mai gashi, taswira ce ta fi saurin raba su: ta farko Arizona da gefen Niyu Meziko, ta biyu Tekzas da Chihuahua.

Mataki na 9: In tsiron ya ƙi shiga ko'ina

Yana faruwa. Powell ya nuna cewa nau'o'in nan suna iya barbarar juna, har a daji, don haka inda biyu suka haɗu akan sami tushen da ya ɗebo nan ya ɗebo can. Alamarsa ita ce siffa tsaka-tsaki da ƙwayoyi fanko da yawa. Zagaya ka ga ko iyayen biyu suna kusa. Kada ka tilasta masa suna. Rubuta sunan dangi kawai, da abin da ka gani dalla-dalla, ka kai wa ma'ajiyar busassun tsirrai ta jami'a mafi kusa a gwada shi da samfuran da aka riga aka tantance.

Mataki na 10: Hoto da samfuri

Wurare da yawa da tsirran nan suke, kamar Big Bend da Guadalupe da Death Valley, gandun gwamnati ne, ba a tsinkar ko ganye sai da takardar izini, kuma wasu nau'o'in doka na kare su a ko'ina suke. Inda babu izini, hoto ne samfurinka, kuma a irin wurin gwajin ƙwaya sai dai da gilashi a jikin tsiron. Ɗauki hoto shida: dutsen gaba ɗaya, tsiron da gindinsa, kai ta sama, kai ta gefe, ganye a kan rula, da busasshen kai dab da dab yadda tukku zai fito. Hoton fuskar fure shi kaɗai, wanda kowa ke ɗauka, ba ya kai masani ko'ina.

In da izini, yanki reshe ɗaya mai fure da busasshen kai, daga wurin da tushe ke da yawa. Shimfiɗa shi a jarida, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka danne tsakanin kwalaye ka ɗaure. Canza jaridar kullum har kwana uku ko huɗu. Ƙwayoyi a ambulan daban, da lamba ɗaya da ta reshen da ta littafinka, kuma tun a wurin za ka rubuta lambar.

Wanda ya fito a saman da hannu ba ya kaiwa, a bar shi a can, a dube shi da madubin hangen nesa. Dutsen farar ƙasa yana ɓantarewa a hannu, tsagar da ke da inuwa kuma macizai masu ƙararrawa a wutsiya ma suna sonta, don haka a leƙa kafin a zura yatsa. Bi gindin dutsen a hankali, galibi akwai wani tushen a daidai kafaɗa. A lokacin ruwan Yuli da Agusta kuma, in hadari ya haɗu a saman tsauni, fita daga kwazazzabo ko da inda kake rana ake yi.